Gidan Telebijin Na NTA Kano: Tarihinsa, Ayyukansa, Da Matsayinsa Ga Mutanen Karkara



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan gidan telebijin na Gwamnatin Tarayya da ke kan titin Bompai a birnin Kano, wanda aka sani da NTA Kano. Za a bi tarihinsa, a dubi yadda yake gudanar da ayyukansa, sa'an nan a auna amfaninsa da ma'aunin da ba a cika yin aiki da shi ba, watau ma'aunin mutumin karkara. An zaɓi garin Gammo na Ƙaramar Hukumar Kabo, da maƙwabtansa na ƙasar Gwarzo, don su zama zakaran gwajin dafi. Dalili kuwa shi ne, duk tashar da aka kafa da kuɗin jama'a, ba a sanin ta cika aikinta sai an tambayi wanda ya fi kowa nisa da ita. Tambayar da za a yi ta bibiya har ƙarshe ita ce: wannan gida na wane ne? Na hedkwatar da ke aiko masa da umarni, ko kuwa na jama'ar da ke zaune a ƙarƙashin eriyarsa?

Ma'anar Tashar Reshe

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a bayyana irin tashar da ake magana a kanta. Gidajen telebijin iri biyu ne. Akwai mai cin gashin kansa, wanda shi ke tsara dukkan abin da zai nuna tun daga buɗewa har rufewa. Akwai kuma wanda yake haɗe da wata babbar tasha, yana karɓar wasu shirye-shirye daga gare ta, yana kuma cike sauran lokacin da nasa na gida. Ita babbar za a kira ta uwar tasha a cikin wannan lacca, shi kuwa ƙaramin a kira shi reshe. Shirye-shiryen da uwar tasha ke watsawa, dukkan rassa su ɗauka a lokaci guda, su ne shirye-shiryen haɗaka.

Wannan tsari ya yi ƙarfi ne a Amurka. A can, yawancin tashoshin garuruwa mallakar wasu kamfanoni ne dabam, sai su ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasa kamar NBC, ko CBS, ko ABC. Idan wa'adin yarjejeniya ya cika, tasha tana iya sauya uwa. A Nijeriya kuwa abin ya sha bamban. NTA Kano ba abokiyar ciniki ba ce ga hedkwatarta, 'yarta ce ta cikinta. Hedkwata ke naɗa manajanta, ita ke da kayan aikinta, ita kuma ke yanke sa'o'in da za a ɗauki shirin haɗaka. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Daga Ibadan Zuwa Kano

Mutanen ƙasar Kano sun san hoto mai motsi tun kafin telebijin. Majigi, watau motar sinima ta gwamnati, ta daɗe tana zagaya garuruwan hakimai tun zamanin Turawa, tana nuna finafinan tsabta da noma da biyan haraji a ƙofar fada bayan sallar isha'i. Saboda haka tun farko jama'a sun ɗauki hoto mai motsi a matsayin bakin hukuma, kuma a matsayin abin da ake kallo cikin taro.

Ita kuwa telebijin siyasa ce ta haife ta a Nijeriya. A rikicin tsarin mulki na 1953, Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group ta gidan rediyon gwamnati, aka kuma hana Cif Obafemi Awolowo damar mayar da martani. Da tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai, sai Jihar Yamma ta yi amfani da wannan dama. Ran 31 ga Oktoba, 1959, aka buɗe WNTV a Ibadan. Jihar Gabas ta bi sahu da tata tashar a Inugu cikin Oktoba 1960. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da kamfanonin Ingila guda biyu, Granada da EMI, ta kafa kamfanin BCNN, wanda ya fara watsa hotuna daga Kaduna cikin Maris 1962. A wannan shekara ce kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe tata a Ikko. Abin lura a nan shi ne, jihohi uku sun riga Gwamnatin Tarayya. Watau telebijin ta soma ne daga rassa, uwa ta zo daga baya.

Shekaru da dama hoton da ake gani a Kano daga Kaduna yake fitowa, kuma masu akwatunan ba su wuce manyan ma'aikata da attajirai da baƙin 'yan kasuwa ba. Da aka yi jihohi 12 cikin 1967, kuma kuɗin man fetur ya ƙaru bayan yaƙin basasa, sai kowace jiha ta so ta ga fuskarta a nata akwatin. Binin ta buɗe tata cikin 1973, Jos ta bi baya cikin 1974, kuma tashar Jos ce ta fara watsa hoto mai launi a ƙasar nan. Ana cikin wannan rige-rige ne Kano ta sami tata tashar, wadda ta soma aiki cikin 1976 da sunan NTV Kano.

Dokar 1977 Da Abin Da Ta Haifar

Lokacin da tashar Kano ta buɗe ido, ta tarar an riga an yanke mata cibiya a Ikko. Gwamnatin soja ta Janar Murtala Muhammed, da ta Janar Olusegun Obasanjo da ta gaje ta, sun yanke shawarar tattara dukkan gidajen telebijin na ƙasa a hannu ɗaya. Aka kafa Doka ta 24 ta 1977, aka mayar da fara aikinta baya zuwa Afrilu 1976. Dokar ta kafa Hukumar Telebijin ta Nijeriya, watau NTA, ta kuma ba ta ita kaɗai ikon watsa telebijin a duk faɗin ƙasa. Injiniya Vincent Maduka shi ne Babban Daraktanta na farko.

Hujjojin gwamnati ba marasa tushe ba ne. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba, kuma ba a manta da rawar da gidajen rediyon jihohi suka taka wajen hura wutar gaba ba. Na biyu, jihohi sun zama 19 cikin Fabrairu 1976, kuma da yawa daga cikinsu ba su da ƙarfin kafa tasha. Na uku, haɗa tashoshi ta tauraron ɗan'adam aiki ne mai tsada wanda sai Gwamnatin Tarayya. Ga kuma bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, da aka yi a farkon 1977, wanda ake so duk ƙasa ta gani, har da babban hawan daba da aka yi a Kaduna.

Aka raba ƙasa shiyya shida, Kano ta faɗa cikin shiyyar da ke da hedkwata a Kaduna. Aka ɗora wa shiyyoyi shirya wasu shirye-shirye don haɗaka, aka kuma umarci kowace tasha ta kula da al'adun yankinta. A kan takarda tsarin ya yi kyau: reshe ya ba uwa, uwa ta ba rassa. Daga wannan tsari ne aka sami shirye-shiryen da suka zagaye ƙasa, irin su Cockcrow at Dawn da aka shirya a Jos, da The New Masquerade na Inugu, da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi daga Kaduna. Amma a aikace ruwa ya fi gangarowa daga sama. Sa'o'in da suka fi daraja, watau na bayan isha'i lokacin da iyali suka taru, su ne uwar tasha ta fi kamawa, kuma babbar alamar wannan ita ce labaran ƙasa na ƙarfe tara na dare, waɗanda ake karantawa da Turanci.

Yadda Aiki Ke Gudana A Cikin Gida

Mai kallo fuska ɗaya yake gani, amma bayan wannan fuska akwai sassa da dama, kowanne da nasa nauyi. Manaja ke shugabantar gidan, a ƙarƙashinsa kuma akwai sashen labarai, da na shirye-shirye, da na injiniyoyi, da na kasuwanci, da na mulki da kuɗi.

Aikin sashen labarai da safe yake somawa. Edita ya zauna da wakilansa, a duba takardun gayyata da suka iso daga Gidan Gwamnati da ma'aikatu da Fadar Sarki da kamfanoni, a raba aiki. A nan ne ake yanke hukuncin da ya fi kowanne tasiri a rayuwar tasha, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Kyamarori kaɗan ne, motoci kaɗan ne, man da za a zuba musu ma a ƙididdige yake. Idan akwai taro uku a cikin birni da kuma ambaliya a wani ƙauye na yammacin jiha, mota ɗaya za ta iya ɗauko tarukan nan uku kafin azahar, amma zuwa ƙauyen da dawowa zai cinye yinin. Ba sai an umarci edita ya manta da karkara ba, lissafin mai da lokaci ya isa ya sa shi yin haka.

Da rana a dawo da hotuna, a tace su, a rubuta labari. Yawanci da Turanci ake fara rubutawa, sa'an nan a miƙa wa mai fassara. Masu fassarar nan sun yi wa harshen Hausa hidimar da ba a yaba musu yadda ya kamata ba. Su da takwarorinsu na rediyo da na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ne suka zaunar da kalmomi irin su kasafin kuɗi, da ƙidayar jama'a, da tsarin mulki, da allurar rigakafi, har suka zama 'yan gida a bakin kowa. Sai dai akwai illa a cikin wannan hanya. Labarin da aka yi tunaninsa da Turanci, ko an sa masa rigar Hausa, tafiyarsa ta Bature ce. Jimla takan yi tsawo, mai aiki ya ɓace a tsakiya, manomi ya ji kalmomin duka amma ya kasa kama zaren.

Daga cikin labaran yini ake zaɓen ɗaya ko biyu a aika wa hedkwata, can kuma wani edita ya duba ko sun cancanci shiga labaran ƙasa. Ta haka jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 takan sami minti ɗaya ko biyu a idon ƙasa, wani dare ma ba ta samu.

Sashen shirye-shirye shi ke da wasan kwaikwayo, da filin mata, da na yara, da na manoma, da kiɗa da waƙa, da shirye-shiryen addini. A watan azumi tafsiri kan mamaye wani babban yanki na lokaci, da Salla kuma a fita da motar watsa shiri daga waje don ɗauko Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. Dubban matan aure da ke cikin kulle, waɗanda a da sai dai su ji labarin hawa daga bakin yara, ta wannan hanya suka fara ganin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero bisa doki. Wannan kaɗai ba ƙaramin sauyi ba ne a zaman jama'a.

Su kuwa injiniyoyi su ne ƙashin bayan gidan. Su ke kula da na'urar watsawa, da faranti mai karɓo shirin haɗaka, da injin janareta, wanda saboda halin wutar lantarki ya tashi daga matsayin mataimaki ya zama uban tafiya. Akwai ɗaki guda da ake kira ɗakin sarrafawa, inda ma'aikaci ke zaune yana duban agogo. Da lokacin haɗaka ya yi, sai ya danna maɓalli, hoton Kano ya ɗauke, na hedkwata ya hau. Duk dangantakar reshe da uwa tana cikin wannan maɓalli. Don horar da irin waɗannan ma'aikata ne hukumar ta kafa kwalejinta ta telebijin a Jos cikin 1980.

Game da kuɗi, a farko gwamnati ke ɗaukar kusan dukkan nauyi. Da tattalin arziki ya tsuke, aka kafa dokar sayar da kamfanonin gwamnati da mayar da wasu na kasuwanci cikin 1988, sai aka umarci NTA ta nemi wani ɓangare na kuɗin gudanar da kanta. Daga nan talla da sayar da fili suka ƙara ƙarfi, har aka kai ga karɓar kuɗi kafin a ɗauki wasu bukukuwa a sa su cikin labarai. Kamfani yana iya biya, mai naɗin sarauta yana iya biya, amma ƙungiyar manoman da takin zamani bai iso musu ba har shuka ta wuce, ba ta da abin biya. Nan ma mutumin karkara ne ya kwana ciki.

Daga Bompai Zuwa Gammo

Yanzu sai a juya ga mai kallo. Gammo tana yamma da birnin Kano, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, ita kuwa Gwarzo tana wajen kilomita 70 daga birni, dab da iyakar Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noman dawa da gero da masara da gyaɗa, ga kuma noman rani a bakin madatsun ruwa. Me ya tsaya tsakanin mutanen wannan yanki da tashar Bompai? Abubuwa uku ne: nisa, da wuta, da harshe.

Batun nisa yana bukatar ɗan bayani. Igiyar rediyo mai gajeren zango takan haura sama ta dawo ƙasa, shi ya sa ake kama Landan a cikin bukka. Igiyar telebijin kuwa miƙe take tafiya kamar hasken tocila, kuma da yake duniya a dunƙule take, akwai inda za ta kai ta wuce ta saman kai. Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi a kan wannan. A ƙaddara tsawon hasumiyar tasha mita 100 ne. Igiyarta za ta kai wajen kilomita 41 kafin doron ƙasa ya tare ta. Idan mai kallo ya ɗaga tasa eriyar mita 9, ya ƙara wa kansa wajen kilomita 12. Ga asirin dogayen gorori da bututun ƙarfe da suka riƙa tsayawa bisa soraye a garuruwan da ke nesa da birni. Mai gida yana ciki yana duban hoto, yaro yana waje yana juya gora, ana ta kiran "ya yi" da "ya tafi". Garuruwa irin su Gammo da Gwarzo suna kan wannan gaɓa ce, inda hoto kan zo da yayyafi idan na'urar tasha ta yi rauni.

Na biyu wuta. Akwatin rediyo da batura biyu ko huɗu yake aiki, ana rataya shi a kafaɗa a tafi gona. Telebijin kuwa sai da lantarki, ko batirin mota wanda za a riƙa kaiwa caji. Saboda haka gwamnatoci suka riƙa gina ɗakunan kallo na jama'a a garuruwa, da akwati ɗaya da ƙaramin janareta. Dabarar ta dace da al'adar da majigi ya bari, amma ta gaji wani aibi: wurin taron dare na maza ne da yara. Matar aure, wadda filin kula da lafiyar jarirai ya fi shafa, ita ce ba ta wurin. Ban da haka, da janareta ya lalace, ko kuɗin mai ya yanke, sai ɗakin ya zama wurin ajiye kaya.

Na uku harshe. A ƙaddara an shawo kan nisa, an kuma sami wuta. Jama'a sun hallara bayan isha'i, sun ga labaran Hausa da wasan kwaikwayo. Ƙarfe tara na bugawa sai a danna maɓallin nan, Turanci ya hau. A sa'ar nan ce ake bayyana kasafin kuɗin ƙasa, da farashin mai, da ranar zaɓe, watau abubuwan da za su taɓa aljihun kowane mai zama a kan tabarmar nan. Amma mafi yawansu sai su kakkaɓe riga su tashi. Abin da aka shirya don haɗa kan ƙasa, sai ya zama shi ne lokacin watsewar taro. Shi ya sa har telebijin ta yi shekaru da kafuwa, mutumin karkara bai saki Rediyon Kaduna da Rediyon Kano da sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus ba.

Zuwan Kishiya

Ikon da Dokar 1977 ta ba NTA ita kaɗai bai daɗe ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1979 ya halatta wa gwamnatocin jihohi mallakar gidajen telebijin. A Jamhuriya ta Biyu jam'iyyar NPN ta Shugaba Shehu Shagari ke riƙe da Tarayya, Kano kuwa tana hannun PRP, da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a kujerar Gwamna. Gwamnonin da ba na NPN ba sun yi ta kukan cewa NTA ba ta yi musu adalci, watau irin kukan da Awolowo ya yi cikin 1953. Alhaji Lateef Jakande ya buɗe tashar Jihar Legas cikin 1980, Rimi kuma ya kafa CTV 67, wadda ta soma aiki cikin 1982.

Lambar nan 67 tana da labari. Gwamnatin Tarayya ke raba zangon watsawa, sai ta keɓe wa NTA zangon VHF, ta tura jihohi zuwa UHF. NTA Kano tana kan lamba 5, tashar jiha tana can kan 67. Igiyar UHF ta fi saurin raunana a kan hanya, tana bukatar wata eriya dabam, kuma tsofaffin akwatuna da yawa ba sa kama ta. Watau an ba jiha baki, amma an rage mata murya, kuma waɗanda suka fi jin wannan ragi su ne na nesa.

Duk da haka gasar ta yi amfani. CTV ta ba Hausa fili mai yawa, dole NTA Kano ta ƙara himma. Sai dai ba a sami tasha mai zaman adalci ba, an dai sami tashoshi biyu kowace da ubangidanta. Wanda yake son ya san gaskiyar abin da ya faru a wani taron siyasa gab da zaɓen 1983, sai ya kalli duka biyun ya raba tsakani. Bayan rasuwar Rimi cikin 2010 aka sauya wa tashar jiha suna zuwa ARTV don tunawa da shi.

Wasan Kwaikwayo Da Finafinan Indiya

Idan aka tambayi dattawan yau abin da suka fi tunawa game da NTA Kano, kaɗan ne za su ambaci labarai. Yawanci wasan kwaikwayo za su kawo, musamman Kuliya Manta Sabo, wanda Malam Daudu Galadanci ya fito a cikinsa a matsayin alƙali. Wasan ya karɓu ne domin ya ɗauko rigingimun da kowa ya sani, na aure da gado da bashi da iyakar gona, ya kai su gaban shari'a cikin harshen da ba ya bukatar tafinta. Mutumin Gammo ya ga kansa a ciki. Wannan hujja ce cewa nisan da ke tsakanin tasha da karkara ba na kilomita kaɗai ba ne, kuma ana iya rage shi ba tare da an ƙara tsawon hasumiya ba.

Abu na biyu shi ne finafinan Indiya. Shirya wasa na gida yana cin kuɗi da lokaci, fim ɗin waje kuwa yana cike sa'o'i uku da araha. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa daga 1977 zuwa 2003 NTA Kano ta nuna finafinan Indiya 1,176. A da gidan sinima kaɗai ake ganinsu, wurin da mutumin kirki ba ya son a ga ɗiyarsa. Telebijin ta ɗauke su ta kai har tsakar gida. Yaran da suka tashi da wannan kallo, tare da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka goge a NTA da CTV, su ne suka haifi sana'ar finafinan Hausa na bidiyo, wadda ake ƙirga mafarinta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa cikin 1990. Waƙa da rawa da labarin soyayya da suka cika finafinan Kano, waɗanda malamai da hukumomi suka yi ta muhawara a kansu, tushensu yana komawa ga shawarar da wani jami'in tsara shirye-shirye ya yanke don ya cike gurbi. Wannan darasi ne ga kowane ma'aikaci: abin da aka ɗauka ƙaramin hukunci ne na ofis yana iya sauya tarbiyyar zuriya guda.

Bayan 1992

Doka ta 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Tashoshi masu zaman kansu suka fito, irin su DITV a Kaduna da AIT. Sa'an nan faranti ya yi araha, har ya hau rufin shagunan ƙauye, ɗakunan kallo na gwamnati kuma suka ba da wuri ga gidajen kallon ƙwallon Turai na 'yan kasuwa. Cikin 2010 NTA ta haɗa gwiwa da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin. Hukumar tana kuma da tasha ta musamman mai suna NTA Hausa. Cikin 2014 Arewa24 ta soma watsa shirye-shirye da Hausa zalla ta tauraron ɗan'adam. Nijeriya ba ta cika wa'adin duniya na 17 ga Yuni, 2015 na komawa watsawar dijital ba. An fara gwaji a Jos cikin 2016, aka ƙaddamar da na Kano cikin 2021.

Waɗannan sauye-sauye sun rushe katanga biyu daga cikin ukun da aka ambata. Faranti bai san nisa ba, hasken rana da wayar hannu kuma sun rage matsalar wuta. Hausa ma ta sami tashoshi na kanta. Amma wani giɓi ya rage. Tashar da ke watsawa ga dukkan masu jin Hausa daga Kano zuwa Maraɗi zuwa Kumasi ba za ta tsaya ta ba da labarin gadar da ta karye a hanyar Kabo ba, ko asibitin da ba shi da ungozoma. Saurayin Gammo yana iya ganin wasan da ake bugawa a Ingila a daidai lokacin da ake buga shi, amma bai ga zaman majalisar ƙaramar hukumarsa ko sau ɗaya ba. Wannan aiki na tashar gida ne, babu kuma mai yin sa idan ita ba ta yi ba.

Kammalawa

An ga yadda telebijin ta soma daga jihohi, Dokar 1977 ta tattara ta a hannun Tarayya, tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi rabonsu, dokar 1992 kuma ta shigo da 'yan kasuwa. A duk waɗannan matakai gardamar tsakanin masu mulki take, a kan wanda zai riƙe maɓalli. Ba a cika tambayar na bakin tabarma ba. Saboda haka amsar tambayar da aka yi a farko ita ce: a shari'a NTA Kano ta hedkwata ce, amma dalilin wanzuwarta jama'ar jihar ne, kuma ranar da ta rasa su, ba ta da abin da za ta nuna wa hedkwatar.

Akwai shawarwari huɗu. Na farko, a bar wa reshe wani tabbataccen yanki na sa'o'in bayan isha'i, kuma a riƙa kawo cikakkiyar fassarar labaran ƙasa da Hausa a daren da aka karanta su. Na biyu, a sami wakilai mazauna yankuna irin su Gwarzo da Kabo da Ƙaraye. Wayar hannu ta kawar da uzurin mota da mai. Na uku, jami'an watsa labarai na ma'aikatu da ƙananan hukumomi su daina ɗaukar tasha a matsayin mai ɗaukar hoton bikin buɗe aiki kawai, su riƙa kai mata bayanin da manomi zai yi aiki da shi, kamar lokacin rabon taki da ranakun rigakafi, tun kafin lokacin ya wuce. Na huɗu ya shafi ɗalibai da jami'o'i. Tsadar kaset ta sa gidajen telebijin da yawa a duniya, har da BBC, sun share tsofaffin shirye-shirye don su ɗauki sababbi, zafi da ƙura kuma suna cin abin da ya saura. A cikin kaset ɗin da suka rage a Bompai akwai muryoyin makaɗa da malamai da 'yan wasa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, akwai kuma Hausar Kano ta shekaru 40 da suka wuce. Ya kamata sassan Hausa da na aikin jarida su haɗa hannu da tashar a kwafe su, a tsara su, a kuma zauna da tsofaffin ma'aikatan da ke raye a rubuta abin da suka sani.